Wuƙar shiga daji da wuƙar fiɗa: amsa ga mai neman guda ɗaya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice don mai karatu ya san inda muka dosa. Ka ce kana da gona da 'yan dabbobi a bayan gari, wani lokaci kana kwana biyu ko uku a can, kuma kana son wuƙa ƙaƙƙarfa guda ɗaya da za ka sare reshe da ita, ka yanke igiya, ka fiƙe turke, in an yi yanka kuma ka feɗe da ita. Ka ce bara ka sayi wata ƙatuwa mai ƙyalli, mai haƙoran zarto a gadon baya, ranar Layya ba ka gama rago ɗaya ba ta dakushe, fatar kuma ta fita da huji huɗu har mai sayen fata ya ƙi ɗauka. Kana tambaya wace iri za ka saya, kuma yaya za ka kula da ita.

Ni a gidan fawa na tashi. Tun ban kai shekara goma sha biyu ba ake ba ni ƙafar akuya in riƙe, daga baya kuma na ɗauki shekaru ina sayen fata da ƙirgi ina kai wa majema. Saboda haka na san wuƙa a hannun mai fiɗa, na kuma san ɓarnarta a idon mai duba fata.

Abu na farko da zan gaya maka, ko da ba shi ka so ji ba, shi ne aiki biyu ka haɗa waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wuƙar da za ta sari itace tana son kauri da nauyi, bakinta ya zama mai ɗan faɗi kamar na gatari don kada ya ɓantare in ya haɗu da gaɓar ice. Wuƙar fiɗa kuwa sirantaka take so da rashin nauyi, da baki mai lanƙwasa wanda zai riƙa zamewa tsakanin fata da nama. Duk abin da ka ƙara wa ɗaya, ka rage wa ɗayar. Shi ya sa in ka shiga kwata da asuba ba za ka ga mahauci da wuƙa guda ba. Akwai doguwa ta yanka wadda ba ta taɓa komai sai wuya, akwai gajeriya ta fiɗa, sannan ga gatari ko adda na ƙashi. Aikin ne ya koya musu haka.

Don haka shawarata ta gaskiya ita ce ka sayi abu biyu: adda don itace da ƙashi, da 'yar madaidaiciyar wuƙa don nama da fata. Addar maƙeri ta wadatar, ko irin ta kamfanin Tramontina na Barazil in ka samu ta asali. Sau da yawa kuɗin su biyun ba zai kai na waccan mai ƙyallin ba.

Amma na san halin mai tafiya a babur, kaya ba sa son yawa. In dole sai guda ɗaya, to ga siffar da za ka nema. Ruwan wuƙar, wato ƙarfen ban da ƙota, ya zama tsakanin inci 4 da rabi zuwa 5 da rabi. In ya wuce haka, tsinin ya yi nisa da hannunka, ba za ka san inda yake ba in ka shiga cikin cikin dabba. Ni ina son wadda in na shimfiɗa ɗan alina a gadon bayanta, kan yatsan zai kusa kaiwa tsini. Kaurin gadon baya milimita 3 zuwa 4, amma ya riƙa sirancewa a hankali tun daga sama har zuwa baki. Wannan sirancewar ita ce asirin yanka. Ka matse wuƙar da yatsu biyu daga gadon baya, ka jawo su a hankali zuwa kusa da kaifi: in ka ji tana da kauri har dab da baki sannan ta tsuke farat ɗaya, wannan ko ka wasa ta za ta riƙa tsaga ne kamar gatari. Rabin gaba na bakin ya yi tumbi, ya lanƙwasa sama, domin da wannan lanƙwasar ake fiɗa. Tsinin kuma ya ɗan sunkuyo ƙasa, kada ya zama siriri kamar allura. Tsini mai kama da allura shi ne ya yi maka huji huɗu, kuma shi ne ke fasa tumbi da mafitsara da maɗaciya ya ɓata nama. Haƙoran zarto a baya ba su da amfanin da ya kai ɓarnarsu: suna kama fata, suna tara jini da kitse, suna hana ka ɗora yatsa. Haka mai kaifi biyu, irin wuƙar damtse da Buzaye ke ɗaurawa. Tana da kyau da tarihi, amma ba don fiɗa aka ƙera ta ba.

Sai batun ƙarfe, inda yawancin masu saye ke faɗawa rami, domin ido ba ya ganinsa.

Iri biyu ne a gabanka. Akwai baƙin ƙarfe, wanda ke yin tsatsa, akwai kuma mara tsatsa da 'yan kasuwa ke kira sitenles. Abin da ke sa ƙarfe ya iya riƙe kaifi shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa. In ka ga an rubuta 1075 ko 1095 a jikin wuƙar waje, lambobi biyun ƙarshe kabon suke nunawa, wato kusan kashi 0.75 ko 0.95 cikin ɗari. Sifirin mota da maƙeranmu ke saya wajen 'yan gwangwan yawanci irin ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa, kabon ɗinsa kusan kashi 0.6, kuma an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo. Babu abin da ya fi shi dacewa da wuƙar aikin ƙarfi. Maƙeran Nefal ma da sifirin manyan motoci suke ƙera shahararriyar wuƙarsu ta kukuri. Tsohon magagari kuwa kabon ɗinsa ya kai kashi 1 ko ya ɗara, yana yin kaifi kamar aska, amma yana da saurin karyewa, don haka ya fi kyau ga 'yar wuƙar fiɗa zalla wadda ba za ta ga ƙashi ba. Rodin gini da ƙarfen ganga ba su da kabon da zai isa. Ko maƙeri ya kwana yana ba su ruwa, wato yana gasa su yana tsomawa don su yi tauri, laushinsu na nan. Ka tambayi maƙeri kai tsaye da wane ƙarfe ya yi, mai gaskiya zai ɗauko ragowar ya nuna maka.

Shi mara tsatsa, wani mutum mai suna Harry Brearley ne ya fito da shi a birnin Shefil na Ingila a 1913, kuma abin da ke kare shi daga tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Ba zan ce maka ba shi da kyau ba. Mayankan Turai da shi suke aiki, kuma wuƙaƙen fawa na Victorinox daga Suwizalan da na F. Dick daga Jamus duk irinsa ne. Matsalar ita ce kuromiyam ƙyalli yake bayarwa, ba kaifi ba. Cokali ma yana ƙyalli. Yawancin masu arahar da ke cika kasuwa gab da Sallah kabon ɗinsu kaɗan ne, ba a kuma gasa su yadda ya kamata ba, ga jabu da ake buga wa sunan manyan kamfanoni. In kana da inda za ka samu ta asali, wuƙar Mora ta ƙasar Suwidin mai ruwa inci 4 tana aikin gona da na fiɗar ƙananan dabbobi ba tare da tsada ba, kuma suna yin ta da ƙarfen iri biyun. Amma ni in aka bar ni da zaɓi, ga mutumin da zai kwana a daji da ɗan dutse a aljihu, baƙin ƙarfe nake zaɓa, domin yana karɓar washi da sauri a kan kowane dutse. Wanda ya san kansa da mantuwa, ko yake aiki a fadama da damina, shi ya nemi mara tsatsa na kamfanin da aka sani.

Duk da haka, kyan ƙarfe rabin magana ne. Sauran rabin ban-ruwa ne, kuma nan ne maƙeri ke bambanta da maƙeri. Na sha zama a maƙera in jira wuƙata. Yaro na kan zuga-zugi, gawayin ƙirya na ci, maƙerin ya tura ƙarfen cikin wuta yana jujjuya shi da awartaki har ya yi ja bai ɗaya daga tsini zuwa gindi. Ba ya son yin wannan da tsakar rana, ya fi son inuwa ko yamma, don hasken rana na ɓoye launin. Masu ilimin ƙarfe sun auna, sun ce a wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas ƙarfe ke daina kama mayen ƙarfe, kuma kaɗan sama da nan ake tsomawa. Tsofaffin maƙera da ido suke gane wurin. Sai ya zaro ya tsoma a mai, baki a gaba, hayaƙi ya turnuƙe. Ƙarfen sifirin in aka tsoma shi a ruwan sanyi yakan tsage, wani lokaci har ka ji ƙarar. A wannan matakin wuƙar ta yi tauri kamar kwalba, in ta faɗi a kan dutse za ta iya karyewa. To sai aiki na biyu, wanda masu gaggawa ke tsallakewa: ya goge gefenta da dutse ta yi fari, ya ɗora gadon bayanta kusa da garwashi, yana kallon launi na tafiya daga baya zuwa baki. Farko kalar busasshiyar ciyawa, wajen digiri 220 zuwa 230, sai ta koma ruwan ƙasa, sai shuɗi a wajen digiri 300. Da bakin ya yi kalar ciyawa, bayan kuma ya yi shuɗi, sai ya tsoma ta ya tsayar. Baki mai tauri, baya mai juriya. A ma'aunin taurin ƙarfe na Rokwel da kamfanoni ke rubutawa, 56 zuwa 60 ne gidan wuƙar aiki.

Kai mai saye ba ka da ma'auni, amma kana da magagari. Ka goga shi sau ɗaya a hankali kusa da baki. In ya nutse yana fitar da gari kamar ka goga a rodi, wuƙar ta yi laushi, kuma kullum kana kan dutse. In ya zame santsi bai kama komai ba, ta yi tauri fiye da kima, za ta ɓantare a ƙashi. Wadda kake so ita ce wadda magagarin ke ɗan kamawa da ƙyar. Sannan ka nemi busasshen reshen marke ka fere shi sau goma, ka duba bakin a rana. Ka ɗaga ta ka kalle ta daga ƙota zuwa tsini kamar mai duba kibiya, ko ta karkace. Ka duba tsaga da kyau, musamman inda ƙarfe ya shiga ƙota, domin tsohon sifirin yakan zo da gajiyarsa a ɓoye.

Ƙota kuma, nan wuƙar aikin ƙarfi ke mutuwa. Mafi aminci ita ce wadda ƙarfen ya ratsa ƙotar da faɗinsa har ƙarshe, aka manna katako gefe biyu aka ɗaure da ƙusa biyu ko uku. Wadda aka soka 'yar wutsiyar ƙarfe da zafi cikin ice tana fiɗa lafiya lau, amma in ka dinga sara da ita wata rana ruwan zai fice ya bar ka da ƙota a hannu. In irinta za ka saya, wutsiyar ta ratsa ta fito ta gindi a dandaƙe ta. Icen marke ko aduwa ko kanya duk suna yi. Ƙaho da ƙarfe mai santsi suna da kyan gani, amma da kitse ya taɓa su sai su zama kamar sabulu. Roba mai kaushi irin ta wuƙaƙen mayanka ta fi su nesa. Ka jiƙa hannunka ka riƙe kafin ka biya, kuma ka tabbata akwai ɗan tudu ko lungu da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi.

Wuƙa mai ninkewa kada ka sa ta a wannan lissafin. Irin su Okapi, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu, suna da amfaninsu a aljihu don igiya da rake da mangwaro. Amma jini da kitse suna shiga mahaɗin inda ba ka iya wankewa, kuma mahaɗi ba ya ɗaukar sara. Ina da tabo a ɗan yatsana na dama tun ina saurayi, wata mara suna ce ta ninke a kaina ina ƙoƙarin raba gaɓar ƙafar tunkiya. Sai da aka yi ɗinki, kuma har yau in hunturu ya yi wurin yana min tsami.

Yanzu washi, wanda shi ne ya fi komai muhimmanci a amsar nan. Wuƙa mai matsakaicin ƙarfe a hannun wanda ya iya washi ta fi mai tsada a hannun wanda bai iya ba. Kuma a wurinmu abin ya wuce sana'a. A hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za mu yanka mu kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Malamai kuma sun hana a wasa a gaban dabbar. Saboda haka washi aikin daren jajibere ne.

Ga yadda nake yi. Ka kafa dutsen kada ya motsa, ka jiƙa shi. Ka tsayar da wuƙar a kansa cak kamar za ka yanka shi, sai ka kwantar da ita rabi, sai ka sake kwantar da ita rabin wannan. Inda ka tsaya ya kusa digiri 20, kuma nan ne daidai ga wuƙa mai aiki biyu. In ta fiɗa ce zalla ka ɗan ƙara kwantarwa, in ta sara ce ka ɗan ɗaga. Abin da ke da wuya shi ne riƙe wannan kwanciyar ba tare da hannu ya yi rawa ba, musamman a wurin lanƙwasa, inda dole ka ɗan ɗaga gwiwar hannu don tumbin da tsinin su samu dutse. In kana koyo, ka shafa wa bakin baƙar tawadar alƙalamin maka, ka goga sau uku, ka duba: inda tawadar ta goge nan dutse ke ci. In ta goge a sama ta bar baki, kafaɗar wuƙar kake ci, kaifin bai san kana yi ba.

Ka tsaya a gefe ɗaya har sai ka shafa ɗaya gefen da babban yatsa, daga baya zuwa baki, ka ji wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso yana kama fatarka kamar ƙaiƙayi. Sai ka ji shi tun daga gindi har tsini kafin ka juya. Mutane da yawa suna goga nan sau biyar can sau biyar har su gaji, alhali gefen biyu ba su taɓa haɗuwa ba. In ka fito da ƙaiƙayin a ɗaya gefen ma, sai ka koma dutse mai laushi, kana sauya gefe kowane ja, kana rage nauyin hannu har ya zama nauyin wuƙar kaɗai. Daga nan ka ja ta a kan tsohon bel na fata, gadon baya a gaba, sau goma kowane gefe, don ƙaiƙayin ya fita. In ka bar shi, wuƙar za ta aske gashin hannu yanzu, amma da ta taɓa fata sau biyu zai kwanta ta zama kamar ba a wasa ba. Ina kyautata zaton wannan ma yana cikin abin da ya same ka bara.

Ba ka bukatar tarin duwatsu. Dutsen kanti mai fuska biyu, kaushi da laushi, ya isa. A daji, samfefa mai lamba 400 da 1000 a shimfiɗe kan katako mai santsi tana yi, gindin kofin tangaran ma yana gyara baki. Kuma kada ka goge bakin wuƙar fiɗa har ya zama madubi. Ɗan kaushin da dutse matsakaici ke bari shi ke kama tantani.

Injin washi mai lantarki kuwa, da masu yawo da shi unguwa-unguwa in Sallah ta gabato, ka yi hattara. Ba na hana kai musu adda ko wuƙar da ta ɓantare sosai. Amma in ka ga tartsatsi na tashi bakin ya yi shuɗi, to ban-ruwan da maƙeri ya wahala a kai ya ƙone a wurin, kuma ba zai dawo ba sai an cinye wannan ɓangaren duka. In dole ne, ka tsaya a kansa da kwanon ruwa, ya riƙa tsomawa bayan kowace gogawa.

A tsakiyar aiki ba a komawa dutse. Sau da yawa wuƙar da ka ji ta daina ci ba cinyewa ta yi ba, bakin ne ya ɗan kwanta gefe. Shi ya sa kake ganin mahauci na goga wuƙa a jikin sandar ƙarfe ko a bayan wata wuƙar kowane ɗan lokaci. Ja uku ko huɗu kowane gefe, a hankali, ya miƙar da shi. Ka kalli bakin a rana kai tsaye: kaifi na gaskiya ba ya ƙyalli, duk inda ka ga farin layi nan ya kwanta.

Yadda kake fiɗar ma yana ƙayyade kwanan kaifi. Gashi da ƙasar da ke cikinsa su ne manyan masu dakusar da wuƙa. In za ka tsaga fata, ka ɗan huda, ka shigar da tsinin ƙarƙashi kaifi na kallon sama, ka yanko daga ciki zuwa waje. Akuya da tunkiya kuwa, bayan ka buɗe ƙafafu da ƙirji, ka ajiye wuƙar. Dunƙulen hannu ne ke fiɗar su: hannu ɗaya na jan fata, ɗayan na naushi tsakaninta da nama, ta fita fes babu zane. Wuƙa sai a wuraren da ta manne, wuya da ƙirji da gindin wutsiya. Sa da raƙumi ne ke bukatar wuƙa daga farko har ƙarshe, kuma nan ma hannun hagu ne ke rabin aikin, ya ja fatar ta yi tsam, wuƙar ta kwanta tana shafar farin tantanin da dogon ja. Gajerun sare-sare da tsini su ke kawo ɓarna. Gaɓoɓi kuma a nemi mahaɗarsu a yanke jijiya, ba a sara ba.

Na damu da wannan ne saboda abin da na gani da idona. In aka kawo min fata, nakan ɗaga ta tsakanina da rana, gefen nama na kallona. Huji kowa na ganinsa. Abin da ke ɓoye shi ne zanen wuƙa da bai huda ba, wanda ke fitowa kamar siririn layin haske. Wannan sai an jeme an miƙar sannan ya buɗe, fatar da za ta yi jaka ta koma ta faci. Fatar jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi ita ce wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma har gobe masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna nemanta. Abin takaici ne dabba ta yi shekara biyu tana gina wannan fatar, mu lalata ta cikin minti goma da tsinin wuƙa. In ka gama, ka kankare kitsen, ka zuba gishiri a ranar, kada ka bar ta a dunƙule cikin rana.

Wani abu da ba zan tsallake ba tunda kana da dabbobi: wadda ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman in jini na fita ta hanci ko dubura, kada wuƙarka ta taɓa ta ko don fata. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da cutar antiraks a wata gona a yankin Suleja, kuma fiɗa na cikin hanyoyin da take kama mutum. Ka kira likitan dabbobi.

Kula da ita bayan aiki ba shi da wuya, sai dai ba ya son jinkiri. Jini yana da gishiri, in ya kwana a kan baƙin ƙarfe da safe za ka tarar da tsatsa. Ka wanke da ruwa da sabulu, ka goge ta bushe sarai har lungun ƙota, ka shafa ɗan man kaɗanya ko kitse. Man gyaɗa yana yi na kwana kaɗan, amma in ta daɗe a ajiye yakan yi danƙo. Baƙin man inji kada ya kusanci wuƙar da ke taɓa abinci. Da daɗewa za ka ga ƙarfen ya yi duhu, toka-toka da shuɗi-shuɗi. Ka bar shi, wannan rigar kariya ce. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba, kuma toka da jiƙaƙƙen tsumma ko samfefa mai laushi suna fitar da ita in ba ta yi zurfi ba. Da hunturu ƙotar ice takan bushe ta saki, sai ka shafe ta da mai, kada ka jiƙa ta a ruwa don ta kumbura, domin in ta sake bushewa sakin ya fi na da.

Kube kuma ka ba baduku wuƙar ya ɗinka a kanta. Ka ce ya sa ƙarin tsirin fata mai kauri tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi, in ba haka ba bakin zai ci zaren wata rana ya fito ta cinyarka. Ya kama ta yadda ko ka kifa shi ba za ta zube ba. Amma kube na tafiya ne. Fata tana shan laima da damina, kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita tana cin ƙarfe, shi ya sa wuƙar da ta yi wata uku a kube ke fitowa da baƙin tabo. In za ka ajiye ta da daɗewa, ka shafa mai ka naɗe ta a tsumma, ka sa inda yara ba sa kaiwa. Kada ka soka ta a ƙasa tsakanin aiki, kada ka yanka a kan siminti ko faranti, ka nemi gungume. In za ka tsaga ice da ita, ka bugi bayanta da wani icen, ban da dutse ko guduma. Kuma duk yankan da za ka yi, kada ka jawo shi zuwa cinyarka ko mararka, domin akwai babbar jijiyar jini a nan, kuma gonarka nesa take da asibiti.

Ita kuwa waccan ta bara, kada ka yar. Ka gwada ta da magagari kamar yadda na faɗa. In ta yi laushi, ka bar ta don tonon rogo da yankan buhu, ta ɗauke wa sabuwar aikin wulaƙanci. Kuma a kanta za ka koyi washi: ka shafa wa bakinta tawada, ka yi ta gogawa har hannunka ya iya fito da ƙaiƙayin nan daga gindi zuwa tsini, sannan ka ɗora sabuwar a dutse.